Blogger ko WordPress: fara duba ƙofar fita tukuna

Wa'alaikumussalam ɗan uwa. Ka ce kana so ka buɗe bulog naka na kanka, ba ka iya kodin ba, wato rubuta umarnin kwamfuta, kuma ka rasa wanne za ka ɗauka tsakanin Blogger, WordPress da Medium. Na ga 'yan uwa sun cika ka da sunaye kowa na yabon nasa, toh ni ga abin da zan ce, tunda na daɗe ina wannan harkar kuma duka ukun na taɓa su.

Kafin ka tambayi wanne ya fi kyau, tambayi kanka in gobe na gaji da su ko suka rufe, ya zan kwashe rubutuna in tafi? Don wallahi suna rufewa. GeoCities, wajen buɗe shafi kyauta da Yahoo ta saya, an rufe shi a 2009, Posterous, wani wajen bulog da mutane suka so sosai, Twitter ta saye shi a 2012, shekara na zagayowa a 2013 ta kashe shi. Duk shafin kyauta gidan haya ne, ran da mai gida ya ce tashi sai ka tashi, shi ya sa abu na farko da zan ce ka mallaka shi ne domen, wato adireshin shafinka da sunanka. In adireshinka yana ƙarewa da blogspot.com ne, ran da ka ƙaura duk linkin da mutane suka yi ta turawa tsawon shekaru can zai ci gaba da kai su, amma in domen naka ne sai dai kawai ka juya shi zuwa sabon wajen. Kuma ka yi rajistarsa da imel ɗinka da kanka, kar ka bari wani "mai haɗa maka" ya yi da sunansa, na ga rigima a kan wannan ba sau ɗaya ba.

Blogger tsoho ne, tun 1999 yake, Google ta saye shi a 2003. Kyauta ne, yana barin ka ɗora domen ɗinka ba tare da sun caje ka ba, kuma ba ruwanka da kula da sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta. Matsalarsa an daɗe ba a yi masa wani gyara na a zo a gani ba, in ka so wani abu da babu a ciki to babu ɗin kenan. Ga wanda rubutu kawai ya dame shi ya isa.

WordPress kuwa a nan mutane ke ruɗewa don guda biyu ne. Akwai WordPress.com na kamfanin Automattic, su ke riƙe maka komai, na kyautan suna saka tallarsu a shafinka kuma sai ka biya kafin ka sa domen ɗinka. Sai WordPress.org, ita ce manhajar kanta da Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, kyauta ce amma kai za ka nemi hostin, wato hayar wajen ajiye shafi a sabar wani kamfani, ka ɗora. Sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kanta suke, don haka duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ka kuma amsar tana nan. Amma fa aiki ne, kar wani ya ce maka danna ɗaya ne shikenan. Sabuntawa a wuyanka take, tsaro a wuyanka, kuma yawancin shafukan da ake yi wa kutse ta tsohon fulogin da aka manta da shi ake shiga, fulogin kuwa ƙaramar manhaja ce da ake ƙara wa WordPress don ya yi wani aiki. Za ka ga mutum ya jibga fulogin wajen talatin, shafi ya yi nauyi, mai karatu ya buɗe a waya yana kallon farin allo har ya gaji ya fita. Kaɗan sun isa, na ajiyar kwafi, na tace sharhin bogi, da mai sa shafi sauri.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, fayil ɗin XML da WordPress ke ba ka in ka fitar da rubutunka babu hotuna a ciki, adireshinsu kawai yake ɗauke da shi. Hotunan suna cikin foldar wp-content/uploads a hostin ɗinka, sai ka sauke wannan daban. Na taɓa zama da wani kamfanin hostin da sabarsu ta mutu suka ce babu kwafi, rubutu ya dawo don ina da shi a kwamfuta, hotunan da ban sauke ba kuwa sai dai haƙuri.

Medium ba zan ja ba, rubutu a cikinsa akwai daɗi, amma masu karatun nasu ne, su ke zaɓar wanda za a nuna wa. Substack, mai tura wa masu bin ka rubutunka ta imel, ya ɗan fi ta wannan ɓangaren tunda kana iya sauke jerin imel na masu bin ka ka tafi da shi, sai dai in ka fara karɓar kuɗi suna cire kashi 10. Su Hugo da Jekyll, manhajojin haɗa shafin da za ka iya ɗorawa a hostin ɗin GitHub Pages, suna da sauri ƙwarai, amma tunda ka ce ba ka kodin, bar su tukuna.

In ni ne kai, domen zan saya yau in haɗa shi da Blogger, in riƙa rubutu a wani fayil nawa kafin in liƙa a shafi, in riƙa rage nauyin hoto da TinyPNG ko Squoosh don hoton waya kai tsaye yana da nauyi sosai. In ka yi wata shida ba ka daina rubutu ba, sannan ka koma WordPress mai hostin, yana da hanyar shigo da rubutun Blogger. In ka tashi haɗa domen ɗin ka maƙale a wajen CNAME, wato saitin da ke nuna wa domen ɗinka hanyar Blogger, turo min hoton allon mu duba tare.