Tambayi likita: barcin allura ko na shaƙa a aikin zuciya?

Wata Hajiya daga unguwar Zariya ta rubuto: Dokta, maigidana za a yi ma aikin zuciya, an ce akwai barcin allura akwai na iskar da ake shaƙa, wanne ya fi don Allah?

Hajiya, Allah ba shi lafiya. Na allura yawanci propofol ne, fari tas kamar madara, ana tura shi ta jijiya, yana ɗan yi zafi a hannu yayin shiga kuma yakan sauke tansiyo, shi ya sa ga mai raunin zuciya kaɗan kaɗan ake ba da shi ido na kan na'ura. Na shaƙa kuwa su sevoflurane ne da isoflurane, ta bututun numfashi suke bi. Da can likitoci da yawa, har da ni, mun ɗauka iskar ta fi kare naman zuciya lokacin da jini ya rage isa gare shi, sai a 2019 aka fitar da babban binciken MYRIAD a kan mutum 5,400 da aka yi ma aikin jijiyoyin zuciya, bayan shekara guda mace-mace kashi 2.8 cikin 100 ga masu iska, kashi 3 ga masu allura, wato kusan kunnen doki ne. Kuma sau da yawa haɗa su ake yi, a kwantar da mutum da allura a riƙe barcin da iska. Ki kwantar da hankalinki, ki dai kai ma likitan barci duk kwalayen magungunan da yake sha, har na gargajiya, kar ki ɓoye ko ɗaya.

Wani malami daga Tibiri: Wana ya rasu a ɗakin tiyata, an ce jikinsa ya yi zafi rau ya sandare, ni ma aiki ke jirana.

Malam, Allah jiƙan shi, kuma wannan maganar ka faɗa ma likitan barcin da zai yi ma aiki ita tun ranar farko! Akwai wata lalura ta gado da iskar shaƙa ke tayar da ita, zafin jiki ya hau da sauri, nama ya ƙage, maganinta dantrolene kuma ba ko'ina ake samun shi ba. Ga irinku barcin allura zalla ake yi.

Wata ɗaliba daga Ali Ɗan Sofo: Wancan karon da aka yi mini aiki amai na yi ta yi.

'Yata, iskar ta fi allura kawo tashin zuciya, kuma mata sun fi fama da shi. Ki gaya ma likitocin barci, su ba ki maganin amai kafin ki farka. Abinci ki bar shi awa 6 kafin aiki, ruwa zalla awa 2.