Tambayoyi da Amsoshi: Wa Ya Taɓa Min Saitin Fitar da Hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan sutudiyo a Zariya, ni da yarana biyu kwamfuta ɗaya muke aiki da ita. Na ajiye saitin fitar da hoto biyu a manhajar gyaran hoto ta Lightroom Classic, ɗaya na hotunan da za a kai wanki, ɗaya na ɗorawa a Facebook. Makon jiya muka fitar da hotunan wani biki, da babban hoton amarya na firam ya dawo daga wajen wanki sai ga fuskar dishi-dishi. Da na duba, ashe duka an fitar da su a ƙaramin girma. Yaran sun rantse ba su taɓa komai ba. Akwai yadda zan kulle saitin nan kowa ya huta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, don na san kuɗin sake wanki daga aljihunka zai fita, ga kuma kunyar masu biki. Amma kafin ka yi wa yaran faɗa, akwai yiwuwar gaskiya suka faɗa maka. Ina kyautata zaton firiset ɗinka, wato ajiyayyen saitin nan, yana nan lafiya lau yadda ka bar shi.

Ga yadda abin yake. Idan ka danna Ctrl+Shift+E, tagar fitar da hoto tana buɗewa ne da saitin da aka yi aiki da shi na ƙarshe. Ba ta tambayar wane aiki ke gabanka yau. Idan da daddare wani ya fitar da hotuna goma na Facebook, washegari kai ka zo da hotunan wanki ka buɗe tagar ka danna Export ba tare da ka taɓa sunan firiset a gefen hagu ba, to da saitin Facebook za su fita. Haka ma umarnin nan na Export with Previous, shi ma abin da aka yi na ƙarshe yake maimaitawa, ko tagar ba zai nuna maka ba. Ba wanda ya sauya komai, amma ɓarna ta auku.

Lissafin ma ya yi daidai da abin da ka gani. Saitin Facebook yawanci ana sa dogon gefen hoto ya tsaya a fiksel 2048. Ka shimfiɗa wannan a kan takarda mai tsawon inci 18, kowane inci zai sami fiksel kusan 114 kawai. Masu wanki kuwa 300 suke so a kowane inci, wato hoton inci 12 da 18 yana bukatar fiksel 3600 da 5400. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da 4000 da 6000, ka ga ta wadatar, amma an zubar da mafi yawansu a wajen fitarwa. Shi ya sa idon amarya da zanen lallenta suka narke.

Shi firiset ɗin kansa ba ya sauyawa don kawai an taɓa lambobi a cikin taga. Sai an kai linzamin kwamfuta kan sunansa, an danna ɓangaren dama, an zaɓi Update with Current Settings, sannan sabon saiti yake hawa kan tsoho. Wannan ma yana faruwa cikin kuskure, musamman ga mai koyo da ke ganin kamar kalmar tana nufin a sabunta taga, kuma Ctrl+Z ba ya dawo da abin da ya tafi. Don ka tantance wanne ne ya same ka, buɗe tagar, danna sunan firiset ɗin wanki, ka gangara sashen Image Sizing. In babu alama a akwatin Resize to Fit, saitinka bai taɓu ba.

Maganar kulli kuwa, Lightroom ba shi da wani kwaɗo ko kalmar sirri da ake sa wa firiset ɗin fitar da hoto. Abin da nake ba mutane shawara shi ne su daina shiga tagar gaba ɗaya in ba gyara za su yi ba. Zaɓi hotunanka, je File, sauka kan Export with Preset, ka danna sunan da kake so. Hotunan za su fita da ainihin abin da aka ajiye, ba ruwansu da abin da wani ya yi jiya, kuma babu lambar da hannu zai goga ya sauya. Ka koya wa yaran wannan hanya ɗaya tak, ka ce tagar ta maigida ce. Kuma ka ba saitunan suna da ba ya ruɗa mutum. Sunaye irin "Sabo 1" da "Sabo 2" su ne ke jawo rigima. Sa "WANKI cikakken girma" da "FACEBOOK 2048", sannan kowanne ka ba shi foldar da zai riƙa zuba hotuna, yadda ko a ido za a gane an yi kuskure kafin filashi ya bar shago.

Sai abu na biyu, wanda ya fi komai muhimmanci a wurina: ka ajiye kwafi. Kowane firiset ɗan ƙaramin fayil ne da sunansa ke ƙarewa da .lrtemplate. A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta %appdata%, shiga Adobe, shiga Lightroom, za ka ga folda mai suna Export Presets. Kwafe ta ɗungurungum zuwa filashi, ka kuma tura wa kanka ta imel, ba ta da nauyin komai. Ranar da wani ya lalata saiti, rufe Lightroom, mayar da foldar mazauninta, sake buɗewa, shi ke nan. In ba ka gan ta a can ba, wataƙila an kunna zaɓin Store presets with this catalog, to tana kusa da katalog ɗinka, wato fayil ɗin da Lightroom ke ajiye bayanan hotunanka da gyare-gyarensu, cikin foldar Lightroom Settings. Mutane da yawa suna zaton ajiyar da Lightroom ke tambayar su yi idan za su rufe shi ta haɗa da waɗannan. Ba ta haɗa ba, katalog kaɗai take kwafewa. Na ga mai hoto da aka yi wa kwamfutarsa sabon Windows ya zauna da takarda da biro yana ƙoƙarin tuna lambobin da ya shekara uku yana aiki da su.

Tun da za ka shiga tagar don wannan gyara, danna sunan kowane firiset ka duba wani wuri guda a sashen Export Location, inda aka rubuta Existing Files. In ka tarar da shi a kan Overwrite WITHOUT WARNING, ka sauya shi yanzu zuwa Ask what to do, sannan ka yi wa wannan firiset ɗin Update with Current Settings don gyaran ya zauna. In ba haka ba, ƙananan hotunan Facebook za su iya danne manyan na wanki masu suna iri ɗaya a folda ɗaya, ba sallama ba gargaɗi.

Tambaya: Malam, ni da Photoshop nake aiki. Na naɗi Action da ke rage girman hoto ya sa tambarin shagona, amma ƙanena ya goge wani mataki a ciki, yanzu tambarin ba ya fitowa.

Amsa: Nan kam akwai abin da ya yi kama da kulli. A saman ɓangaren Actions, gefen dama, akwai 'yan layuka. Danna su ka zaɓi Button Mode. Kowane Action zai koma maɓalli guda, dannawa kawai ake yi ya yi aikinsa, matakan cikinsa sun ɓuya, ba a iya ja ko goge su sai an kashe wannan yanayin. Amma fara gyara matakin da ya ɓace tukuna. Bayan nan, kafin ka kunna Button Mode, ka danna sunan rukunin da Action ɗin yake ciki, ba Action ɗaya ba, ka zaɓi Save Actions daga waɗancan 'yan layuka, zai ba ka fayil mai .atn ka adana a filashi. Kada ka yi sakaci da wannan, don sabon Action da ba a adana ba yana iya salwanta idan wuta ta ɗauke kwamfuta ta mutu kafin a rufe Photoshop yadda ya kamata.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi, da waya nake gyara hotunan a Lightroom. Kwana biyu abokan cinikina suna cewa zanen ba ya fitowa sosai. Ko wayar ce ta tsufa?

Amsa: Hajiya, da wuya laifin wayar ne. Idan za ki fitar da hoto, zaɓi Export as, ki duba girma da inganci kafin ki danna, don wani lokaci yatsa ne ke mayar da girman zuwa ƙarami ba a lura ba. Sa shi a mafi girma, nau'in JPG, inganci 90 ko sama. In kin daidaita, ɗauki hoton allon wayar ki ajiye, duk ranar da kika yi shakka ki gwada da shi.

Sai dai ina zargin WhatsApp ma, domin yana matse hoto idan aka tura shi ta hanyar da aka saba, kuma ƙananan ramukan leshi su ne farkon abin da ke lalacewa. Ki danna alamar HD kafin turawa. Ga wadda ke son ganin zaren da kyau kafin ta biya kuɗi, tura mata hoton a matsayin Document, zai isa yadda kika fitar da shi, sai dai zai ɗan fi cin data.