Amsa kan 'yan Dada da Suriyalizim: akwai tsari a cikin abin da ake kira hauka

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko masu fasahar Turai da aka ce sun juya wa hankali baya, wato 'yan Dada da Suriyalizim, mahaukata ne, kuma ko akwai hanyar da za ka gwada aikinsu da ɗalibanka.

Kalmar ce ta fara rikita mu. A Hausa mai hankali shi ne mai natsuwa da kunya da sanin ya kamata. Abin da suka yi wa tawaye daban ne: imanin da Turai ta riƙe tun ƙarni na 18 cewa lissafi da kimiyya da tsari kaɗai za su gyara ɗan Adam. Sai yaƙin 1914 ya zo. Fritz Haber, masanin da ya gano hanyar haɗa sinadarin da ake yin takin zamani da shi, shi ne kuma ya jagoranci sakin iskar guba a Ypres ta Beljiyam a Afrilun 1915. Ranar 1 ga Yulin 1916 kaɗai, a bakin kogin Somme, sojan Ingila sama da 19,000 suka mutu. Duk da taswira da agogo da lissafi aka tsara wannan kisa.

A Fabrairun 1916 Hugo Ball da Emmy Hennings suka buɗe wani ɗan gidan wasa, Cabaret Voltaire, a Zurik ta Siwizalan, ƙasar da ba ta shiga yaƙin ba. Tristan Tzara da Marcel Janco daga Romaniya da Hans Arp suka same su a can, aka raɗa wa tafiyar suna Dada. Suriyalizim, tafiyar fasaha mai ɗauko abin aikinta daga mafarki da abin da ke ɓoye a zuciya, ya biyo baya a Paris, André Breton ya fitar da sanarwarsa a 1924. Shi ya karanci aikin likita, ya kuma kula da sojojin da yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, a nan ya san koyarwar Freud, likita masanin halayyar ɗan Adam, kan mafarki.

Matsalarsu ita ce mutum ba ya iya kashe tunaninsa don ya ga dama. Shi ya sa suka ƙirƙiro dabaru masu ƙa'ida.

Mafi sauƙi ita ce ta Tzara, ta 1920. A samo labarin jarida, a yanka shi kalma kalma da almakashi, a zuba a jaka, a girgiza, a riƙa zaro ɗaya ɗaya ana jerawa yadda suka fito. Kalma 60 zuwa 80 ta isa aji ɗaya. Jarida tana da rubutu gaba da baya, don haka ka fara zizara biro a bayan shafin kafin yanka, in ba haka ba za a rasa wace fuska ce ta labarin. A kashe fanka, a manna kowace kalma da gam nan take. Hausa kuma tana da nata cikas: ƙananan kalmomi irin su "da", "a", "na", "ya", "suka" sun yi yawa, in aka raba su da abokan tafiyarsu sai layi ya fito "da ya na a". Ka bar "suka tafi" ko "ta ce" a haɗe. Babban kuskuren dai na hannu ne. Ɗalibi zai zaro kalma, ya ga ba ta dace ba, ya mayar a ɓoye. Da ya yi haka aikin ya tashi daga na sa'a ya koma insha'i.

Ta biyu rubutun sakin hannu, wanda Breton da Philippe Soupault suka fara a 1919. Minti biyar, alƙalami ba ya tsayawa, ba a komawa a karanta, ba a gogewa. In kai ya tsaya cik, Breton ya ce a rubuta kowane harafi, a fara kalma da shi, a ci gaba. Kada ka sa rai da yawa a karon farko. Abin da ke fara zubowa haddar da ke saman kai ce: karin magana, baitin waƙa, jimlar littafin aji. Breton da kansa ya amsa a 1933 cewa dabarar ta fi yawan ba su kunya. Zaman barcin da suka riƙa yi da marubuci Robert Desnos a 1922, inda mutum ke shiga wani hali kamar barci yana magana ko rubutu, kada a kusance shi, su ma sun daina da abin ya fara zama haɗari.

Wadda na fi so wa yara ita ce wasan naɗe takarda na 1925. Mutum uku, takarda ɗaya a naɗe gida uku. Na farko ya zana kai, ya tsallakar da layin wuya biyu kaɗan zuwa gida na gaba, ya rufe nasa. Na biyu gangar jiki, na uku ƙafafu. Takarda mai kauri ake so, siririya tana nuna zanen baya, kuma da an leƙa wasan ya mutu. In da kalmomi za a yi, a tsayar tun farko ko namiji ne ko mace, don kada "ya" ta ci karo da "ta".

A ganina sun yi gaskiya da suka ce ilimi ba tausayi yana iya zama makami, amma ba su tsere wa tunani ba. Mai zane Max Ernst ya goga fensir a kan takardar da ya shimfiɗa bisa katakon daɓe a 1925, siffofi suka fito, amma idonsa ne ya zaɓi wadda za ta zama tsuntsu ko daji. Ɗalibanka za su iya yin haka da tabarma ko buhu ko ganyen mangwaro. A nemi fensir mai laushi, 4B ko 6B, a kwantar da shi ta gefe, don mai tauri yana yaga takarda. In an gama, ka sa kowa ya nuna inda sa'a ta tsaya da inda zaɓinsa ya shigo.