Kitse da kakin zuma ne maganin bushewar fatar sirdi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce fatar sirdinka da kamazuru sun bushe sun soma tsattsagewa tun shigowar hunturu, kuma an ba ka shawarar ka shafa baƙin mai. Don Allah kada ka yi. Zai sa fatar ta yi laushi na ɗan lokaci, daga baya ta ruɓe, ga datti da yake kamawa, ga shi ba ya yi wa jikin doki daɗi idan ya haɗu da gumi.

Abin da na koya wurin wani tsohon baduku a nan Bauchi, kuma shi nake yi har yau: ka je wurin mahauta ka nemi kitsen ƙodar saniya, mai taurin nan da ke farfashewa a hannu. Ka yanka ƙanana, ka narkar a kan wuta kaɗan kaɗan, kar ya ƙone, ka tace da ƙyalle. Tun yana da zafi ka jefa kakin zuma, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kitsen, da ɗan man kaɗanya. Kitse da man kaɗanya su ke shiga cikin fata su tausasa ta, kakin kuma ya tsaya a sama ya hana ruwa shiga. Kusan haɗin da ake sayarwa a gwangwani da sunan Dubbin ke nan, sai dai Turawan Ingila sukan sa man kifi. Da shi sojojinsu suka riƙa shafe takalma a yaƙin duniya na 1914.

Shafawar ce ake kuskure. Goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, ka bar fatar a inuwa ta sha iska. Kafin ta bushe ƙarau, ka lakata kaɗan da yatsa ka murza har ya ɓace, musamman wurin ɗinki da inda take lanƙwasa. Ta kwana, da safe ka goge sauran. Idan ka labta da yawa, kamazurun zai saki ya miƙe, da damina kuma fumfuna ta kama shi.

Man gyaɗa zalla kuwa yana yin wari, ya jawo ɓera.

Sai dai ka sani, man yana duhunta fata. Idan sirdin na da jan karan dafi na ado, gwada ta ƙasa tukuna. Inda ya riga ya tsage kuwa, musamman igiyar likkafa, mai ba zai haɗe shi ba. Kai wa baduku ya canza kafin hawan sallah.