Ƙananan duwatsun zobena suna zubewa, ko an cuce ni ne?

'Yar'uwa daga Ɗambatta, kin ce wata shida kacal da biki, uku cikin duwatsun da suka kewaye babban dutsen zobenki sun faɗi.

Ba lallai cuta ba ce. 'Yan siraran haƙora ne na gwal ke riƙe da kowane dutse, gwal mai karat 21 (karat shi ne ma'aunin tsantsar gwal) kuwa laushi gare shi. Riƙon taɓarya wajen surfe kaɗai ya isa ya buɗe su. Nawa ma a turmi na rasa biyu, ina sussukar gero. Ki riƙa cire zoben kafin daka da wanki.

Yawancin duwatsun nan ba lu'ulu'u ba ne, zirkoniya ce da ake haɗawa a masana'anta, don haka mayar da su ba tsada. Inda ake asara shi ne awo: ranar saye a auna miki dutse a kuɗin gwal, ranar sayarwa a cire nauyinsa.

Don Allah kada ki liƙa da gam, kada kuma ki sakace dattin da allura. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshi sun wadatar. Ranar da kika shiga birnin Kano, ki kai wa maƙerin gwal a Kasuwar Rimi, ya matse sauran haƙoran a gabanki.