Tambayi Oga Bakanike: "Wane turbo zan ɗaura wa Corolla ta?"

Jama'a barkanmu da war haka. Saƙonni uku ne sunka haɗu kan turbo wannan karon, shi yasa na ajiye masu tambayar birki da na AC sai fitowa ta gaba, ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Salamu alaikum Oga, ina gaisuwa da fatan aiki na albarka. Ni mai bibiyar filin nan ne daga Badariya, Birnin Kebbi. Ina da Corolla 2005 injin 1.8 mai giyar hannu, na canza mata salansa da tayu amma har yau in munka hau hanyar Argungu da abokaina masu Accord V6 sai dai in hango ƙurarsu. Wani a Facebook ya turo man hoton turbo GT35 sabo fil cikin kwali, yace in na ɗaura shi ba mai kama ni a Kebbi kaf. Oga mi ka gani, in tura kuɗin?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka tura, riƙe kuɗinka tukuna mu yi magana.

Turbo dai zugazugin maƙera ne, ba wani tsafi a ciki. Hayaƙin da injin ke fitarwa shi ke juya fanka ɗaya, ita kuma tana maƙale da wata fankar a kan sanda guda, waccan ta biyun ita ke cusa iska cikin injin da ƙarfi. Iska ta ƙaru, ka ƙara fetur daidai da ita, wuta ta ƙaru. To ka lura, hayaƙin injinka ne ke juya abin. GT35 an yi shi ne don mai neman ƙarfin doki 400 zuwa sama, shi kuwa injin da ke cikin motarka, 1ZZ kenan, doki 130 ne ko ƙasa kaɗan ranar da ya fito daga kamfani, balle yanzu da ya sha hanya shekara da shekaru. Hayaƙinsa bai isa ya tada wannan ƙatuwar fankar da wuri ba. Zaka taka totur a giya ta biyu kaji shiru, motar ta ma fi da nauyi, sai allurar juyin injin ta kusa ƙurewa sannan iskar ta zo gaba ɗaya kamar an buɗe dam, kuma a daidai lokacin ne kwanrod, ƙarfen da ke riƙe da fistin, zai nemi hanyar fita ta gefen bulok. An ɗora wa jaki kayan raƙumi kenan.

Ni a gareji in yaro yazo da irin wannan maganar, tambayar farko da nake masa ita ce doki nawa kake so, ba wane turbo kake so ba. Turbo shi ne abu na ƙarshe da ake zaɓa. Injinka matsinsa 10 ne da 1, an yi shi don ya sha mai kaɗan ya daɗe, fistin ɗinsa da kwanrod sirara ne. In ba zaka buɗe cikinsa ka sa masu ƙwari ba, to iskar da zai ɗauka lafiya bata wuce rabin bar ɗaya a ma'aunin matsin iska ba, wato 0.4 zuwa 0.5, a ɗayan ma'aunin kuma psi 6 ko 7. Wannan zai kai ka wajen doki 170 zuwa 180 in komai ya zauna daidai, kuma wallahi a mota marar nauyi irin Corolla zaka ji bambancin tun daga giya ta ɗaya. Ƙaramin turbo ne ke wannan aikin, irin TD04 na Mitsubishi wanda ke zuwa a Subaru WRX da wasu Volvo, ko Garrett GT25. Suna tashi da wuri, tun allura na wajen 2,500 zuwa 3,000 ka fara jin motar na turo ka, kuma a nan ne kake tuƙi kullum, ba a 6,000 ba.

Yanzu ga inda kuɗin yake, wanda mai Facebook bai faɗa maka ba. Iskar da ka ƙara tana son fetur, nozul ɗin kamfani ba zasu iya ba, sai ka sa manya, ka canza famfon mai na cikin tanki, yawanci Walbro 255 ake sawa. Sai birenbos, wato kwamfutar motar. Na Corolla bai san wani abu wai shi turbo ba, lissafinsa na iskar da injin ke zuƙa da kansa ne, don haka ko dai a haɗa masa ƙaramar kwamfuta mai gyara lissafin irin e-Manage, ko a sa wani daban irin Haltech ko Link, sannan a samu wanda ya iya saiti ya zauna da laftof yana kallon ma'aunin iska da mai. Mota in tana tafiyarta a hankali kashi 14.7 na iska ne kan kashi 1 na fetur, amma in turbo ya fara turi dole a sauko wajen 11.5 zuwa 12, a kuma ja lokacin wutar fulogi baya. Wannan ba aikin rewaya na bakin tasha bane, ba raini ba, ko ni da nake wannan surutun bana taɓa shi, in ta kama a kai motar Abuja ko Legas a kai ta.

Bari in gaya maka dalilin da yasa nake matsa wa wannan maganar. Akwai fistin ɗaya da na ajiye kan kanta a garejina nan Gusau, yarana sun san ba a taɓa shi. Na wata Civic ce da aka jawo mana da igiya daga hanyar Ƙauran Namoda. Mai ita ya kai wani wuri an ɗaura masa turbo da walda mai kyau, bututai na sheƙi, amma nozul da birenbos na nan yadda suke. Yace shi dai yana jin wata 'yar ƙara in ya taka, kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwanin madara, ya ɗauka salansa ce. Da munka kwance fulogi na uku sai ga bakinsa fari fat da ɗigo-ɗigon ƙarfe kamar an yayyafa gishiri, munka ɗaga kan injin, fistin ya huje a tsakiya, ramin ya isa ka zura babban yatsa. Sati biyu kacal yayi yana jin daɗinta. Wannan ƙarar tsakuwar fetur ne ke fashewa da kansa kafin lokacinsa saboda zafi da matsi, duk ranar da kaji ta ka ɗaga ƙafa.

Kuma mu nan abin ya fi mana tsanani. Bidiyon da kuke kallo a YouTube na Ingila ne da Jamus, inda mutum zai shiga gidan mai ya zaɓi fetur mai oktan 98 wanda baya saurin fashewa da kansa, garin kuma da sanyi. Kai kana Birnin Kebbi, a watan Afrilu zafi na haura digiri 40, kwalta na tiriri, fetur kuwa wanda ka samu shi ka sha, wani lokacin ma na galan ne a bakin hanya. Iska in an matsa ta zafi take yi, shi yasa intakula, mai sanyaya iskar kafin ta shiga injin, ba kwalliya bace a wurinmu, dole ce, kuma a gaba za a sa ta inda iska ke bugu. Lagireto ya zama lafiyayye, da ruwan kulant na gaske ba na rijiya ba. Sannan kar ka yarda a sa maka buɗaɗɗen matacin iskar nan mai kama da mazurari a bar shi tsirara kusa da injin, zafi zai riƙa zuƙa, in hunturu ya zo kuma ƙurar nan da ke rufe gari ita zata riƙa cin bakin fankar kamar ana goga ta da sanfefa.

Hanyar baƙin mai ma mutane na wasa da ita. Sandar turbo na juyi sama da sau 100,000 a minti ɗaya, kan siririn baƙin mai take yawo. Bututun da ke kai mai ƙarami ne, amma wanda ke maido shi cikin kwanon injin dole ya zama mai faɗi, ya gangara kai tsaye ba lanƙwasa, ya shiga sama da inda mai ke tsayawa, don ba famfo ke turo shi ba, gangarowa yake da kansa. In anka kuskure nan sai kaga mota na hayaƙi shuɗi ace turbo ya mutu alhali ƙalau yake. Kuloci ma zai fara santsi, ka sa shi a lissafi, haka birki. Mai otomatik kam ina bashi shawara ya haƙura.

In ka tara duka wannan zaka ga turbon kansa bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na abin da zaka kashe ba a irin lissafin da nake wa mutane, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san yadda tanki ke cin aljihu, mota mai turbo in ƙafarka na da nauyi sha take kamar raƙumi. Ra'ayina, in gudu kake so ka sayar da Corollar ka nemi wadda kamfani ya haifa da turbo. In kuma aikin ne ke burge ka, kana son kace ni na haɗa, to bismilla, fara da gwada matsin silinda huɗun nan, in ɗaya ya gaza saura to gyaran injin ne a gabanka ba turbo ba. Batun tsere a hanyar Argungu kuwa, da shanu da 'yan kabu-kabu da masu tsallaka titi, in da Baba zai ji da ya karɓe makullin, ni ma ban goyi baya ba.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Golf 4 gare ni 1.8T, turbon ya fara kuka kamar jiniya kuma tana shan baƙin mai. Sabo ɗan Chana zan saya ko ɗan Beljiyam? Kuma ance in sa turbo K04 ya fi K03 ɗin da ke motar ƙarfi. Daga Talata Mafara.

AMSA: Alhaji ka ga kai taka mai sauƙi ce, motarka da turbo aka haife ta, fistin da birenbos duk sun san da zamansa. Ni na fi son ɗan Beljiyam na asali in an duba shi da kyau, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, kuma ka tafi da bakanikenka kar ka saya ta waya. Ka kama sandar da yatsu biyu. In ta ɗan motsa gefe da gefe kaɗan ba komai, don ba mai a ciki, muddin fankar bata taɓa jikin gidan ba. In kuwa tana shiga tana fita gaba da baya, ajiye musu kayansu. Haska tocila ka duba bakin fikafikan ko sun gutsure, ka juya ɓangaren salansa ka duba tsagewa kusa da ramin 'yar ƙofar nan mai rage iska, wesget, nan K03 ke yawan tsagewa. 'Yan Chana ba duka ne banza ba, na ga wanda ya yi shekaru, na kuma ga wanda bai kai juye na biyu ba, matsalar ba zaka gane wanne ka ɗauko ba sai ya hau mota, kuma in fanka ta tarwatse cikin injin gutsattsarin ke tafiya.

Amma kafin ka ɗaura ko wanne, a nemo abin da ya kashe na farkon. Injin 1.8T ya yi suna wajen daskarar da baƙin mai in ana jinkirin juye ko ana zuba masa mai kauri na durom. A sauke kwanon ƙasa a wanke rariyar famfon, a canza bututun da ke kai wa turbo mai, ka koma 5W-40 na gaske. In ka taso daga Sakkwato a guje kar ka kashe ta nan take, bar ta tayi minti ɗaya ko biyu a tsaye. K04 kuwa, wanda ke cikin Audi S3 da TT mai doki 225 ba ya zama kai tsaye sai an canza manifol da bututai da nozul da saiti. Ka maida K03 ɗinka kawai.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Akwai turbon Hilux mai gas a shagon ogana ba a amfani da shi, zai yi a Civic? Ni ƙarar "fishhh" ɗin nan kawai nake so in na canza giya. Ɗanka daga Jega.

AMSA: Lafiya lau ɗana. Ba zai yi ba. Hayaƙin fetur na kaiwa digiri 900 da ɗoriya, na gas bai kai haka ba, kuma in irin na D-4D mai lita 3.0 ne, akwai ƙananan fikafikai masu motsi a cikinsa da kwamfutar Hilux ke sarrafawa, zafin fetur zai maƙale su. Ita kuma ƙarar ba turbon ke yinta ba, wani ɗan bawul ne ke sakin iskar da ta taru in ka ɗaga ƙafa daga totur. Ka bar wa oganka kayansa inda ka gan shi, kuma ka gaishe man da shi.