Hukuncin Kallon Talabijin da Manhajojin Karatu Tare da Iyali

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar a Gwammaja. Maigidana ya ɗauke talabijin daga falo ya kulle a ɗakinsa, ya ce kallo haramun ne. Tun daga ranar, yaran na dawowa daga Islamiyya sai su sulale gidan maƙwabta, ban san me suke gani a can ba. A wayata kuma akwai manhajar Alƙur'ani da wata ta koyon lissafi mai katun. Shin akwai abin da ya halatta mu zauna mu kalla tare da yara? Kuma yaya zan yi da maigida?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, talabijin da waya kayan aiki ne, hukuncinsu yana bin abin da aka zuba a ciki. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce asalin abubuwa halas ne har sai dalili ya zo da hani. Akwatin da ake kallon tafsirin azumi da ɗawafin alhazai a cikinsa, ba za a ce shi kansa haramun ne ba. Abin da ya haramta shi ne tsiraici, da batsa, da koyar da shirka ko tsafi, da duk kallon da zai sa a bar sallah ta wuce lokacinta.

Zama da iyali a yi nishaɗi kuwa yana da asali a sunna. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta kalli mutanen Habasha suna wasa da māsu na yaƙi a masallaci, Annabi (SAW) yana tsaye yana kāre ta da mayafinsa, bai gusa ba har sai da ita da kanta ta gaji. Ki lura da wannan tsayuwar, domin a nan hukuncin yake. Bai hana ta kallo ba, bai kuma tafi ya bar ta ita kaɗai ba. Shi ya sa nake cewa sharaɗi mafi girma a gidajenmu shi ne babba ya kasance a wurin, rimot a hannunsa, idonsa a kan abin da ake nunawa.

Game da katun, malaman Malikiyya, mazhabar da ƙasar nan ta taso a kai, sun taƙaita haramci ga siffar mai rai wadda take da jiki da inuwa, cikakkiya, kamar gunki. Zanen da yake shimfiɗe bai kai haramun ba a wurinsu, kuma sun yi rangwame ga 'yartsanar yara, saboda Nana A'isha ta yi wasa da ita a gidan Annabi (SAW). Akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, muna girmama fahimtarsu. Abin da na rinjayar shi ne katun ɗin da ke koya wa yaro ƙirga, da haruffa, da wanke hannu, da gaskiya, babu laifi a kansa. Kiɗa kuma mafi yawan malamai sun hana kayan kiɗa in ban da mandiri a lokacin biki, don haka ki fifita shirin da ba shi da shi, in ya ratso a tsakiya ki rage murya.

A fagen Alƙur'ani alherin yana da yawa. Akwai karatun Shaihu Minshawi wanda yake karanta aya yara su maimaita, da na Shaihu Husari mai tsayawa a kan kowane harafi, da manhajojin da ke ɗauke da tarjamar Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. Manhajar Tarteel tana sauraren mai tilawa ta nuna masa kalmar da ya tsallake. Sai dai ki duba ruwaya kafin ki sauke. Wani dare bayan isha na ji jikana yana gyara wa kakarsa Fatiha, yana cewa "Maaliki" ake ja, ita kuma tana karanta "Maliki" kamar yadda ta koya a makarantar allo. Dukansu daidai suke: ita ruwayar Warshu take karantawa, wayar kuma ruwayar Hafsu ta koya masa. Da babu babba a wurin, da yaron ya tashi yana ganin karatun iyayensa kuskure ne. Alƙur'ani daga bakin malami ake karɓarsa, manhaja mataimakiya ce wajen muraja'a kawai.

Ilimin zamani ma haka. Annabi (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa iya shi cikin kusan rabin wata. Don haka darussan lissafi da kimiyya na Khan Academy, waɗanda kyauta ne, da manhajojin koyon Larabci ko Turanci, duk halas ne. Shirye-shiryen namun daji, da na teku, da na sararin samaniya, su na fi so wa iyali, domin kaka da jika duk suna jin daɗinsu. In an nuno ƙudan zuma, ki buɗe musu aya ta 68 da ta 69 a Suratun Nahli su ga abin da Allah ya faɗa a kansa. In mai sharhi ya kawo maganar da ta saɓa wa aƙida, ki dakatar ki yi musu bayani. Tashoshinmu na Hausa irin su Arewa24 da ARTV da Sunnah TV, kowane shiri a auna shi da kansa, sunan tasha ba ya wanke shiri.

Inda na fi jin tsoro shi ne talla. Manhaja tana iya zama mai tsafta, amma tallan caca ko hoton banza ya faɗo a tsakiyar darasi. Ki sauke darasin tun da rana, ki kashe data kafin ki miƙa wa yaro wayar. Manhajojin kula da kallon yara, irin su YouTube Kids da Family Link, suna rage ɓarna, ba sa kawar da ita duka. Kada ki ba yaro memori ya kai wa masu tura fina-finai su cika masa. Waya kuma kada ta kwana a ɗakin yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa jariri kada a sa shi kallo sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Da an kira sallah a kashe, ko da shirin ya kai inda ya fi daɗi.

Maigidanki kishin addini ne ya motsa shi, Allah ya saka masa. Yana aiki da faɗin Allah a Suratut Tahrim cewa mu kare kanmu da iyalanmu daga wuta. Kada ki fito da talabijin ɗin a bayan idonsa, kada kuma ki yi masa gardama a gaban yara. Ki samu lokacin da ya natsu, ki gaya masa inda yaran suke zuwa bayan Islamiyya, ki nuna masa wannan amsa. Ki roƙe shi ya zaɓi shirye-shiryen da kansa, ya zauna da ku ko da rabin awa ne bayan isha. In ya ƙi, ki yi masa biyayya a kan talabijin ɗin, ki nemi izininsa a kan manhajojin karatu, sannan ku haɗu ku tsayar da yawon gidan maƙwabta.

Wallahu a'alam.